Daminar da Inna Jaji Ta Sauke Kayanta

Bana azumi ya faɗo cikin damina. Jiya da la'asar ina zaune bakin ɗaki, maƙogwaro a bushe, sai hadari ya taso daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Jikata, wadda ke koyarwa a firamare cikin Jega, ta leƙo ta ce, "Kaka, ke da wa?" Na ce ni da mutanen da suka riga ni. Wannan ne karo na uku da na ga azumi da ruwan sama sun haɗu. Na biyun na manta yadda ya wuce. Na farkon kuwa, ko daga barci aka tashe ni sai in ba da shi tiryan-tiryan.

Lokacin ina da goyon fari, ban cika ashirin ba. Muna zaune a wata 'yar tunga tsakanin Maiyama da Mungadi, gida bai fi goma sha biyar ba. Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba. Ni dai ban taɓa sa shi a ido ba, umarninsa kawai ke iso mu, a bakin yaran hakimi. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba. Tun bazara ba ta raba ba, mai ɗiban hatsi sai ya faɗa rumbu gaba ɗayansa ya duƙa. Iri kuwa, surukata ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce wanda duk ya taɓa ba ta yafe ba, duniya da lahira.

A bazarar nan Inna Jaji tana wurinmu. Jaji ita ce malamar da ke bin ƙauyuka tana karantar da mata. Tamu 'yar Jega ce, Bafillata, doguwa siririya kamar karan dawa, ba haƙori ko ɗaya a bakinta na sama. Malfa take sawa irin ta maza, da jan ƙyalle naɗe a jiki. Da an ƙare girbi sai ta ɗora wa jakinta tabarma da buta da gafakar littattafai, ta kama hanya, kwana goma nan, wata guda can, har Aliero. Hadari na fara haɗuwa ta koma gida. Ita ta koya mana alwala da wanka da salla, da haƙƙin maƙwabci, da waƙoƙin wa'azi da mukan yi a bakin turmi. Mai so kuma ta ɗora mata baƙi.

Ni rani uku ina gabanta, baƙi bai zauna mini ba. Ɗaya-ɗaya ina gane su, amma da an jera su sai su zame mini tururuwa. Surutu kuwa ba wadda ta kama ƙafata. Takan dube ni ta ce, "Dije, bakinki ya tsere wa kanki. Ran da kai ya cim ma baki, za a ga abu."

Saura kwana biyu ta tafi, yaran hakimi suka sauka da hantsi. Suka ce Nasara na yaƙi da 'yan uwansa a wata ƙasa, ana son maza masu ƙarfi su yi dako da gyaran hanya tsakanin Jega da Sakkwato. Kwana arba'in kawai, in ji su. Kafin azahar sun tattara duk wanda zai iya ɗaga dami, har da maigidana. Ya tsaya bakin zaure ya dubi gabas, ya dubi sunguminsa da ya gama wa sabuwar ƙota, ya ce wa uwarsa, "Inna, gonag ga sai Allah." Aka bar mu da tsofaffi huɗu da Baba Liman, wanda idanunsa suka fara yana.

Kwana biyu bayan tafiyarsu ruwa ya sauka. Ruwan shuka sosai, irin wanda ke ratsa ƙasa har tsawon hannu. Kowace shekara in ya zo guɗa ake yi. Ran nan ba ka jin komai a gari sai kuka. A tungarmu matar aure ba ta shuka, ba ta noma. Iyakarta ta kai fura gona, da kaka ta tsinci wake. Ga ƙasa ta jiƙa, ga iri a tulu, ba hannun da zai haɗa su.

Da safe muka fito rakiyar Inna Jaji. An riga an ɗaure wa jaki kaya. Ta tsaya tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, ta duƙa ta damƙi ƙasa ta murza a hannu, ta sansana. Sai ta ce, "Dije, kwance kayan ga."

"Inna, hwasa tahiyar kika yi?"

"Kwance na ce. Ke kuma tahi ki ce wa Liman ina sallama."

Baba Liman ya fito yana dogara sanda. Ta gaishe shi ta durƙusa, yadda ya kamata, sannan ta ce tana so ya ba matan gari izini su fita gona.

Ya ce, "Subhanallahi! Jaji, ke da ka karantar da su kunya? Matan aure da sungumi, tsakar daji, mazansu ba su nan? Mi za mu ce musu in sun komo?"

Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, in ba a shuka ba, in sun komo kabari za ka gwada musu. Kai ka fi ni sani, lalura ta halatta abin da ya fi wanga. Kuma ka duba, da kaka wa za shi bi ka salla? Matattu ba su sahu."

Tsohon ya ce, "To, sai dai ki tsaya kansu."

"Ai don haka na sauke kaya."

Nan take ta raba mu. Tsofaffin mata su riƙe yara da girki, tukunya ɗaya ga gari duka. Sauranmu gayya, gona bayan gona. Rigima ta tashi kan gonar da za a fara, matar maigari ta ce ai ba a tambaya. Inna Jaji ta ce, "Gaskiya ta, ba a tambaya. Wadda rumbunta ya fi cika ita ka jira." Aka fara da gonar wata gwauruwa mai marayu uku, ta maigari ta zo ƙarshe. Surukata da kanta ta fasa lakar tulunta ta juye iri cikin na kowa, tana yi tana faɗin ta janye bakinta.

Sungumi ba wasa ba ne. Yinin farko tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Masu sara suna gaba, masu jefa iri suna biye suna rufewa da diddige. Layinmu kuwa ya karkace kamar tafiyar maciji. Muka gaji tun rana ba ta take ba, wasu suka zauna suka ce su kam a kashe su.

A nan ne tsohuwar ta fito da dabararta. Ta je bakin layi ta zana baƙi ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa da sandarta, babba, kamar faɗin faifai. Ta ce, "Wanga layi na ba guje na. Duk sara guda, a kira sunanshi." Muka tashi muna dariya. Sara, "Ba guje!" Sara, "Ba guje!" Kafin ka ce me, ya zama waƙa, masu jefa iri suna amsawa. A ƙarshen layi sai kowa ta zana shi da ɗan yatsan ƙafa kafin ta juyo. Layi na gaba mim jaye, na gaba ha kuri. Fulanin da ke kiwo a gefe suka tsaya riƙe da sanduna suna kallon mata ashirin suna sara suna ihun baƙaƙe. Kwana shida muka shuke gari kaf, gero da dawa, wake a tsakani.

Yanzu tarakta kan shiga gonar da ta ci mana yini biyu, ta fito kafin a sauke koko. Na gani da idona, na kuma yi murna. Sai dai ba wanda ke waƙa a bayanta.

Shuka ta tsiro, kore shar, muna zagayawa muna shafa ta kamar jarirai. Sai sama ta ɗauke. Kwana bakwai, kwana goma, sha biyar. A ciki aka ga watan azumi. Zafin da aka yi ban ga irinsa ba. Gero ya naɗe ganye ya koma kamar tsinke. Ƙasa ta ƙone mana tafin ƙafa. Ga goyo a baya yana tsotson nonon da babu. Sahur kunu ne tsararo, wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Buɗa baki tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli a ce yau salla. Inna Jaji ta ce masu shayarwa Allah ya ɗauke mana, mu sha mu rama da rani. Na bi maganarta kwana uku, na ga abin da zan ci da rana ma babu, na koma azumina.

Ita kuwa ba ta sha ko ɗaya ba, kuma ba ta fasa karatu ba. Da rana ta take sai mu fake gindin wata tsamiya, ta share ƙasa, ta fara haɗa mana baƙi da wasali. Ba ta fara da abu mai nisa ba. Ta rubuta gero. Ta rubuta ruwa. Ta rubuta sunan kowace mace a gabanta ta ce, "Ga ki nan, dube ki." Wata ta fashe da kuka, wai ashe haka take 'yar ƙarama. Matan Fulanin nan ma ta jawo su da Fillanci, tana koya musu tahiya da ƙunutu. Ba ta roƙe su komai ba, amma daga ranar kullum da yamma sai ga ƙwaryar nono ta iso wa yara.

Ran sha bakwai da ɗaukewar ruwa muna noman farko, muna kartar busasshiyar ƙasa don dai kada a zauna. Wajen la'asar iska ta tsaya cik. Wata ta ɗaga kai ta ce, "Ku duba gabas!" Baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama. Kafin mu tattara hauyoyi ya iso. Ɗigon farko da ya faɗo mini a wuya kamar an ɗora ƙanƙara. Sai ya kece. Wayyo daɗi! Mata suka watsar da hauya suna tsalle, suna juyi, masu guɗa na yi, ruwa na kwarara daga goshi zuwa leɓɓan da suka tsattsage. Sai muka ji muryar Inna Jaji ta keto ruwan, malfarta ta jiƙe ta rufto mata a kunne: "Ku ruhe bakinku! Azumi! Dije, ke nika nuhi, ruhe bakin ga!"

Ka taɓa ganin mata ashirin suna rawa cikin ruwa baki a rufe, dariya na fita ta hanci? Haka muka yi har rana ta faɗi. Ran nan da ruwan sama muka buɗe baki, a tafin hannu, tsaye cikin gona. Na sha zuma daga baya, na sha lemon kwalba na zamani, ban sake shan abin da ya kai shi ba.

Daga nan damina ta zauna. Gero ya miƙe, ciyawa ma ta miƙe, muka bi ta da maimai. Yunwa ba ta sake mu ba, zane sai an ƙara masa ƙulli, amma ido na ganin abinci yana tahowa. Aka yi ƙaramar salla ba maza a masallacin idi sai tsofaffi biyar. Kwana arba'in ta wuce, ta kusa ninkawa, ba labari. Sai jita-jita ta fara shigowa daga kasuwar Jega, wai an yi hatsari a wurin aikin hanya, wai mutumin wajen Maiyama ya mutu. Kowace mace ta kwana da nata a zuci.

Ran wata Asabar da hantsi wani mai jakunan gishiri ya tsaya bakin gari, ya ce an ba shi takarda a Jega ya kawo. Wani malami cikin 'yan dakon ne ya rubuta da ajami. Gari ya taru gindin tsamiya, har masu jego. Aka miƙa wa Baba Liman, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya ce shi kam sai dai hazo. Aka miƙa wa Inna Jaji. Ta duba ta sama da ƙasa, ta murza ido, ta ce, "Yau idona ciwo shikai. Dije, zo."

Na ce, "Inna, ni? Wallahi ban iya ba."

"Kin karanta gero, kin karanta ruwa. Wagga ma baƙi ta. Riƙe."

Na karɓi takardar. Tururuwan nan suka taso mini. Na runtse ido, na buɗe, na sa yatsa a kan na farko, na kira shi a zuci yadda muke yi a bakin layi. Sai ya tsaya. Na biyu ma ya tsaya. Na haɗa. "Gai... gaisuwa." Mata suka yi kabbara. "Muna... lafiya." Daga nan sunaye ne a jere. Na kama na farko da ƙyar, "Ga-r-ba." Matar Garba ta ƙwala guɗa ta zube ƙasa. Na biyu, na uku. Duk sunan da ya fita bakina sai wata ta yi ihu, a rungume ta, a ce mini, "Ci gaba, Dije, ci gaba!" Tun ina tuntuɓe har na fara gudu. Ni da kaina ina jin abin kamar a mafarki, ga takarda tana magana da muryata.

Na zo ƙarshen jerin, ban ga na maigidana ba. Saura layi biyu. Na sa yatsa: "Amma..." Sunan da ya biyo baya na gane shi tun kafin in haɗa. Na tsaya.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Mace a lokacinmu ba ta kiran sunan mijinta, ko a ɗaka, balle gaban uwarsa da limamin gari. Harshena ya ƙi. Surukata ta ga na yi shiru, ta ɗora hannu a ka ta fasa kururuwa, "Shi na! Ɗana na ya mutu!" Mata suka kama salati.

Inna Jaji ta buga sandarta a ƙasa. "Dije! Takarda ba ta san kunya ba. Abin da aka rubuta shi za ki hwaɗi. Tsohuwag ga za ta mutu a hannunki."

Na faɗa. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, da ƙarfi, gaban kowa. Na zarce ban numfasa ba: dutse ya faɗo masa ya karye a ƙafa, an kai shi Aliero wurin masu ɗori, yana samun sauƙi, yana gaida uwarsa. Ba wanda ya mutu.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Surukata ta rungume ni tana kuka tana dariya tana cewa, "Ja'ira, ashe kin san sunan!" Baba Liman yana ta "Masha Allahu" yana share ido da hannun riga. Aka sa ni na maimaita takardar sau uku, sai dai in na zo wurin nan in ce "wane", a kwashe da dariya.

Da jama'a ta watse na ga Inna Jaji zaune tana zura zare a allura, tashi ɗaya. Na ce, "Inna, ba kin ce idonki na ciwo ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na karance ta tun tana hannun Liman. Da da mutuwa ciki, da ban ba ki ba."

Gero ya yi kai, ya yi fure, ya fara ido. Ranar da muka karyo tumun farko muka gasa a bakin gona, ƙamshinsa ya cika daji, yara suna murzawa da zafinsa suna watsawa a baki. Inna Jaji ba haƙori, sai da na daka mata nata a turmi. Ta ci, ta lumshe ido, ta ce, "Wanga na layin mim jaye na, na ji ɗanɗanonshi."

Ana haka maza suka dawo, a rame, kafaɗu duk kanta. Sun taho suna shirin tarar da kufai, sai suka tarar da gero ya shanye hanya, ya fi su tsawo. Wani ya zauna a bakin gonarsa ya yi ta kuka. Maigidana ya iso bayansu da kwana tara, a kan jaki, da sanda. Ya sa aka kai shi gona kafin gida. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Layin ga ya karkace." Uwarsa ta ce, "Karkatacce za ka ci, ka ƙoshi."

Inna Jaji ba ta jira girbi ba. Ta ce ta bar gidanta da yawa. Mata suka haɗa mata damin gero bakwai na sabon yanka, ta ɗauki ɗaya ta ce jakinta tsoho ne. Muka raka ta har mararrabar Maiyama. A nan ta zaro allo ɗaya da 'yar kwalbar tawada daga gafaka ta miƙo mini. Ta ce, "Ranar Alhamis ki tara su. Abin da kika sani ki ba su, abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, ki tahi ki tambayo." Ta hau jaki. Ba ta sake zuwa ba. Da rani labari ya iso mana daga Jega cewa Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa karatun nan ya bi ta.

Alhamis ɗin farko bayan tafiyarta, ni na ma sha'afa. Ina tsakar gida ina surfe, ɗan kwali a karkace, dusa har gira. Sai na ji sallama. Mata ne, sun kai goma sha biyar, kowace da 'yar tabarmarta a hammata, matar maigari a gaba, surukata a ƙarshe. Matar maigari ta durƙusa ta ce, "Malama, mun zo."

Na waiwaya bayana in ga da wa take.